Tulun Iri na Ya Amsa

Jiya na ji ku a bayan zana kuna ƙunshe dariya, wai Ya Falmata ta fara magana ita kaɗai a kan tukunya, tsufa ya zo. Tsufa kam ya zo, ban musa ba. Amma maganar da kuka ji tana cikin aikin, kamar yadda sukari yake ciki. Tunda kun ce kuna son koyon turaren wuta, kuma kun ce ai ba wani abu ba ne, itace ne a zuba masa turare a juya a ɗura a kwalba, to ku gyara zama. Ke mai waya, kife ta.

Wankin farce shi ne aikin da aka fara ba ni. Ba farcen yatsa ba, wani ɓawo ne na halittar ruwa da fatake ke kawo mana daga gabas, yana zuwa da busasshen nama manne a bayansa. A jiƙa shi kwana uku ana canza ruwa, a bi shi ɗaya bayan ɗaya da 'yar wuƙa ana kankarewa, a wanke da lemun tsami, a shanya, a soya cikin yashi har ya kumbura, sannan a daka. Shi ke sa ƙamshi ya kama tufafi ya ƙi fita ko an wanke. Amma idan nama ya rage ko kamar ƙwayar gero, tukunya guda za ta koma warin kifin da ya kwana. Na fara wannan aikin a shekarun da ake ta shela a kasuwa kan ƙuri'a, ko Mubi ta bi Najeriya ko ta bi Kamaru. Maza na zaure suna gardama har muryoyinsu su dushe. Mahaifiyata, Ya Amsa, abu ɗaya take tambayar duk wanda ya shigo: in an gama ƙuri'ar, za a rufe wa masu farce hanya ko ba za a rufe ba?

Daga Borno aka kawo ta tana amarya, babanmu yana fataucin kanwa, suka zauna a nan Nassarawo tun gidajen ba su kai haka ba. Kayan aikinta ba su da yawa. Baƙar tukunyar ƙarfe wadda ba ta taɓa ganin miya ba, muciyar icen tsamiya, ƙaramin turmi, kasko biyu na gwaji, da kwalabe. Ranar dahuwa ba a taɓa albasa, ba a taɓa daddawa, tun daga jajibere. Ba ta taɓa ce mini cokali kaza na wannan, cokali kaza na wancan ba. Sai dai ta ɗora ɗan tsinke a garwashi, ta kaɗo mini hayaƙin da gefen mayafinta, ta ce, “Me ya rage?” In na ce kajiji alhali sandal ne, in sha rankwashi. Shekara huɗu ina shan rankwashin nan kafin ta bar ni na riƙe muciya.

Ga abin da ya bambanta gidanmu da na kowa. Wancan ƙaramin tulun da kuke gani a kusurwa, an ɗaure bakinsa da fata, a cikin kayan aurenta ya zo. Tulun iri muke ce masa. Duk sabuwar dahuwa, bayan an sauke daga wuta, sai an ɗebi tafi ɗaya daga cikinsa an gauraya, sannan a rufe a ajiye kwana arba'in ya tsumu. Ranar arba'in a gwada. Idan hanci ya yarda, a ɗebi tafi ɗaya daga sabon a mayar cikin tulu. Idan bai yarda ba, ba a mayarwa, ko da kuwa turaren ya sayu. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Tulun bai wuce cin tafi bakwai ba, amma bai taɓa zama fayau ba, kuma ba a taɓa zuba masa abin da ake shakka ba.

Masu saye kuwa iri-iri ne. Iyayen amare, matan Fulani masu zuwa ranar kasuwa, sai matan ma'aikata da suka cika gari bayan an mai da Mubi hedikwatar lardi. Akwai kuma wadda ba ta taɓa sayen ko na kwabo ba, amma ta fi su duka shan hayaƙinmu. Kwanye sunanta, mutuniyar wajen Michika ce, tana zaune a ƙetaren mayo, wato kogin garin nan, ita ke kawo mana gawayi duk ranar dahuwa. Da hantsi za ta iso da kwando a ka, ta tsaya a ƙofar madafa ta yi sallama. Sau da yawa Ya Amsa ba ta amsawa nan take. Sai matar nan ta yi ta tsayuwa da kaya a ka. Ni ina gefe ina daka, ina cewa a raina tsohuwar nan tawa akwai jan aji. Can sai ta amsa, su shiga gaisuwa mai tsawo kamar sun shekara ba su haɗu ba, a ba Kwanye ruwa a moɗa, ta sha, ta zauna a kan kifaffen turmi.

Da Ya Amsa ta rasu na gaji tukunya. Shekara shida ina yi, ba wadda ta taɓa cewa ya canza. Ni kam ina amsa wa Kwanye sallama tun kafin ta rufe baki, ina ganin na gyara wani hali na uwata.

Sai hancina na hagu ya toshe. Na ce mura ce, ko hayaƙi ne ya yi mini yawa. Daga nan haɓo, yau da gobe, sai kumatu ya fara tasowa. An yi ƙaho, an yi turare na magani, abin dariya, ni da ke yi wa mutane. Asibitin gari suka duba suka ce ba nasu ba ne, suka ba yayana takarda. Kwana uku muka yi a mota zuwa wani babban asibiti. Can likita ya faɗa wa yayana da Turanci, yayana ya faɗa mini da Barbarci, ciwon daji ne. Suka tsaga nan, gefen hanci har zuwa leɓe, ga tabon kuna gani, suka cire abin da za su cire. Bayan ya warke aka ƙara gaba da ni inda ake gasa wurin da na'ura. Wata takwas na yi ban ga Mubi ba. Na tafi ana kashe sule, na dawo ana maganar naira.

A asibiti ban damu da rashin jin wari ba. Hancin cike yake da auduga, kuma wurin ba abin marmarin shaƙa. Ranar da na dawo na tura ƙofar ɗakina, ɗakin da ko bangonsa ya sha turare shekara da shekaru, wanda baƙo ke tsayawa a bakinsa ya lumshe ido. Ban ji komai ba. Na kwance fatar tulun iri na cusa fuskata ciki. Kamar na sa kai a sabuwar ƙwarya. Na mayar da fatar na ɗaure, na zauna a ƙasa. Ban faɗa wa kowa ba. Maigidana falke ne, wata biyu yana hanya, mako ɗaya yana gida, kuma a lokacin Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba ma wanda zan faɗa wa.

Dahuwar farko bayan dawowata, na yi ta ne da gawayin kasuwa, don Kwanye ba ta zo ba, aka ce ta koma wajen danginta. Na yi komai yadda hannuna ya saba. Na zuba iri, na rufe. Wata maƙwabciya mai aurar da 'ya ta matsa mini, na ba ta kwalba biyu tun kafin arba'in. Ba ta dawo ba. Na haɗu da ita a gidan suna, ta gaishe ni har da riƙe hannu, ta ce Allah ƙara sauƙi, ba ta ce komai a kan turare ba. Wata Bafulatana ma ta saya, ita ma shiru. Kun san kunyar mutanenmu. Mace ta gwammace ta zubar da abu a bayan gida da ta dubi majinyaciya ta ce mata kayanki ya lalace.

Ranar arba'in na buɗe, na ɗebi tafi ɗaya, na kwance bakin tulu. Hannuna yana saman tulun nan sai na ga ƙuda ya sauka a kan yatsana. Wani ya biyo shi. Na duba bakin kwalbar, sun yi baƙi. Ƙuda ba ya bin turare mai kyau, sukarin ciki ya riga ya sha mai, ba ya masa daɗi. Warin nama ya ji. Farcen ne ban wanke ya fita ba, don da can hanci ke gaya mini ya fita, ba ido ba. Na janye hannuna a hankali kamar mai ɗauke da garwashi. Da ƙudan nan ya makara kaɗan, da na kashe abin da aka ɗauko tun daga kakar uwata. Na haƙa rami na binne dahuwar duka.

Daga nan na koma koyo, ba malama. Farce, in na wanke sai in shanya a rana in zauna ina kallo, wanda ƙuda ya sauka a kai ya koma ruwa. Madarar turare na koma aunawa da murfin kwalba, ina tuna nauyin da hannuna ya saba zubawa. Sukari kuwa na kama shi da kunne da ido. Yana fara tafasa da ƙara kamar yayyafi a kan kwano, sannan ya koma fal-fal a hankali, in ka ɗaga muciya ya ja zare. Da na ga zare sai in zuba itace in juya in sauke da sauri, don abin da na fi tsoro shi ne ƙonewa, tunda ba zan ji ƙauri ba.

Shekarar kuma ta zo da fari. Gero ya yi tsada, bukukuwa suka ragu, shanu na mutuwa a hanya kafin su iso kasuwa. Wanda bai ci ya ƙoshi ba ba ya neman turare. 'Yan kaɗan da ke nema sun koma wani gida. Wata ta aiko 'yarta ta tsaya daga zaure, ta ce mamarta na tambaya ko ciwon yana bin hayaƙi. Na ce ki ce mata ba ya bi. Ba su aiko ba duk da haka. Sai in wuni a tsakar gida daga ni sai kaji. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a shekarar nan, har nakan ja wankin farce ya kai la'asar don kada hannuna ya zauna.

Za ku ce me ya sa ban riƙa gwaji ba tare da taɓa iri ba. Ba ya yiwuwa. Irin ne ke jan sabon zuwa gida yayin da yake tsumuwa, in babu shi wani turare ne daban ka yi. Don haka duk dahuwa tafi ɗaya na fita, ba abin da ke komawa, don ba hancin da zai ce a mayar. Na yi dahuwa shida a haka. Na zura hannu wata safiya na ji yatsuna sun taɓa gindin tulu. Tafi ɗaya ya rage, da ɗan gari.

A makon ne na ji sallama a ƙofar madafa. Kwanye ce, ta rame, kwando a ka. Ta dube ni ta dubi tabon, ba ta kau da ido ba kamar sauran.

“An ce mini ka mutu,” ta ce. Haka Hausarta take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

“Ban mutu ba, Mama Kwanye.”

“To ya yi kyau. Fuska ne kawai ya lalace. Kawo ruwa.”

Wannan maganar ce ta sa na faɗa mata. Wadda za ta ce maka fuskarka ta lalace, za ta gaya maka gaskiyar turare. Na ce mata hancina ya mutu, na fito da kwalaben da na tara, na hura garwashi. Ta shaƙi na farko ta ce, “Na kasuwa.” Na biyu, “Na kasuwa mai tsada.” Ta bi su duka. Na ƙarshe ta daɗe a kansa, ta ce, “Wannan ya zo kusa da gida, amma bai shiga ba. Gobe ka dafa, ni zan gani.”

Washegari ta zo tun da wuri ta zauna a kan turmi. Na jera komai, na ɗora sukari. Ya yi yayyafinsa, ya koma fal-fal, na ɗaga muciya ya ja zare. Na zuba itace na juya, na kai hannu zan sauke.

“Kai! Ina za ka kai shi?”

“Ya yi, Mama. Ya ja zare.”

“Zare ne lokacin da mamanka yake amsa mini sallama. Ba lokacin saukewa ba.”

Na tsaya da tsumma a hannu. Ta ce, “Ka ɗauka banza ne yake bari na tsaya da kaya a kai? Ni ma shekara biyu ina jin haushi, na ce wannan Babarbariya girman kai. Sai wata rana ya ce mini, Kwanye, hanci yana gajiya, in ya sha turare tun asuba ƙarya yake yi. Amma gaisuwanki ba ya canza tsawo. Ni ne agogon mamanka. Janye wuta kaɗan, ina zuwa.”

Ta fita zaure ta ɗora kwandonta a ka, tsohuwa da ita, ta dawo ta tsaya a ƙofa ta yi sallama. Na mayar da wuta na amsa.

“Ina kwana, masu gida?”

“Lafiya lau. An zo lafiya?”

“Lafiya. Yaya gajiya?”

“Ba gajiya. Yaya mutanen ƙetare?”

“Suna gaisuwa. Yaya maigida, ya dawo?”

“Yana hanya. Mayo ya ba ku hanya?”

“Ya ba mu, ruwa iya ƙafa. Yaya hayaƙi?”

“Da godiya. Yaya yara? Yaya mai tari?”

Ina amsawa ina juyawa, idona na kan tukunya. Itacen ya tashi daga ruwan zuma ya fara komawa ja, jan ya fara duhu. Duk jikina na ce mini sauke, kin ƙona. Ita kuwa ko a jikinta. Ta tambayi kaji, ta tambayi yayana, ta sauke kwando a hankali, ta karɓi moɗa ta sha ruwa da kurɓi uku, tana hutawa tsakani. Ta goge baki, ta zauna a kan turmi, ta ce, “Yanzu.”

Na sauke. Ashe shekara shidan da na yi ina dafawa da hanci, wannan gaɓar nake jira ban sani ba, daf da ƙauri amma bai kai ba. Da hancin ya tafi, tsoro ya sa nake tsayawa nesa da ita. Na zuba farce da madarar turare. Sannan na ɗauko tulu na karkata shi, na juye tafin ƙarshe har da garin, na kaɗe gindinsa.

Kwana arba'in tulun nan yana zaune ba komai a cikinsa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka ƙera shi. Na bar bakinsa a ɗaure kamar da abu a ciki, don ko ni ba na son gani. Idan dahuwar ta ƙone, shi ke nan, ba inda zan je in samo wani. Ban dafa komai ba a kwanakin. Ina share tsakar gida, ina ƙirga ranaku da tsinken tsintsiya a jikin zana.

Ranar arba'in Kwanye ta zo ba kwando. Na hura garwashi a kaskon Ya Amsa, na ɗora tsinke uku. Hayaƙi ya tashi fari, ya miƙe, ni dai abin da nake iya gani ke nan. Ta rufe ido. Ta daɗe har na fara cewa a raina kunya ta kama ta ita ma. Sai ta zame daga kan turmi ta durƙusa, ta fuskanci kaskon, ta ce, “Sannu da gida, Ya Amsa. An kwana biyu.”

Na kwance fatar na zuba tafi biyu. Da na ɗaure na ce mata, “Mama Kwanye, yaya yake? Gaya mini yadda yake.”

Ta buɗe baki ta rufe, ta juya hannu a iska. Ta ce, “Ban san yadda zan faɗa ba. Shi ne dai.”

Iyakar abin da na samu ke nan, kuma har yau ban samu fiye da shi ba. Masu saye sun dawo da kaɗan-kaɗan bayan damina ta gyaru, ba wadda ta tayar da zancen baya, ni ma ban tayar ba. Amare nawa aka kai ɗaki da turarena, ban san adadinsu ba, ban kuma san abin da suka shaƙa ba. Kwanye ta yi shekaru tana tsaya mini a ƙofa, ita ce hancina ranar arba'in, kafin ta rasu ta zaunar da ƙanwata, wadda ta dawo zama wurina daga baya, ta koya mata abin da za ta nema a hayaƙi. Amma gaisuwar ba wanda ya gada. Shi ya sa in sukari ya ja zare nake yin sallama in amsa wa kaina, in tambayi mutanen ƙetare, in tambayi mai tarin da ya tsufa ya mutu tuni, in zuba ruwa a moɗa in ajiye a bakin ƙofa, in jira kurɓi uku. Abin da kuka ji jiya ke nan.

Farce na nan a jiƙe, ku ɗauki wuƙaƙe ku fara, wanda ƙuda ya taɓa ya koma ruwa. Ranar dahuwa kuma, wadda ta riga isowa a cikinku ta tsaya a ƙofar madafa ta yi sallama. In ta ji shiru kada ta ji haushi, ta tsaya. Zan amsa.